Shaidar dangin uwa: yadda DNA na mitokondiriya ke warware nasabar kifayen ruwan daɗi

A shekarar 2007 ma'aikatan kula da kifaye a jihar Kolorado ta Amurka suka sami labarin da ba wanda zai so ya ji. Sun shafe fiye da shekara 20 suna ɗawainiya da wani kifi da ake kira turawut mai koren baya. Ana ƙyanƙyasar ƙwansa, ana share masa rafuka, ana kawar da baƙin kifayen da ke cinye masa abinci, har jihar ta ayyana shi a matsayin kifinta na hukuma a 1994. Sai ga masu bincike daga Jami'ar Kolorado, Jessica Metcalf da Andrew Martin da abokan aikinsu, sun duba ƙwayoyin gadon kifayen, suka ce daga cikin garke tara da ake riritawa da wannan suna, biyar ba shi ba ne. Ɗan'uwansa ne na ƙetaren tsauni, wanda asalinsa kogin Kolorado ne. Kama da wane dai ba wane ba ne.

Kafin a zargi kowa da sakaci, ya kamata a fahimci irin wuyar da aikin yake da ita. Masana halittu suna ba kowane jinsin dabba suna mai kalma biyu a Latin, tsarin da ya kafu tun aikin masanin halittu Linnaeus na 1758. Karfasar kogin Nilu, alal misali, sunanta Oreochromis niloticus. Idan jinsi ɗaya ya warwatsu a wurare daban-daban, kuma na kowane wuri ya ɗan sauya kama amma da za a haɗa su za su hayayyafa, sai a ƙara kalma ta uku, a kira shi reshen jinsi. Ta tafkin Baringo a Kenya ta zama Oreochromis niloticus baringoensis. Kifayen ruwan daɗi sun fi yawancin halittu haifar da irin waɗannan rassa, domin kogi ga kifi tsibiri ne. Tsuntsu yana tsallake tsauni, iri yana bin iska, amma kifin da ke wannan kwari ba shi da hanyar zuwa na gaba, ko da tazararsu ba ta wuce tafiyar yini ba. Sai a yi dubban shekaru kowa na zaune a ruwansa, yana sauyawa a hankali.

A da, da ido da ma'auni ake rarrabe su. Masani zai shimfiɗa kifi a kan faranti, ya ɗauki allura ya ƙidaya ɓawon da ke jere daga kai zuwa wutsiya, ya ƙidaya ƙayoyin fiffiken baya, ya buɗe mashaƙarsa ya ƙidaya 'yan haƙoran da yake tace abinci da su, ya auna tsawon kai da faɗin jiki, ya duba ɗigo-ɗigon fata. Har akwai wata ƙa'ida da aka daɗe ana bi, cewa in ana iya bambanta kashi 75 cikin 100 na wannan garke daga wancan, to ya isa a ba shi sunan reshe. Aiki ne na haƙuri, kuma bai kamata a raina shi ba. Illarsa ita ce jikin kifi yana bin ruwan da ya tashi a ciki. Sanyi ko ɗumin ruwa a lokacin da ƙwai ke girma yana iya sauya yawan ƙasusuwan gadon baya. Abinci yana sauya siffar baki da kai. Launi kuwa ba a ma maganarsa: duhun ruwa, lokacin barbara, har tsoro, duk suna juya shi, kuma da zarar kifi ya kwana biyu a kwalba launin ya tafi. Saboda haka 'yan gida ɗaya kan fito daban don sun tashi a ruwa daban, bare biyu kuma su fito kamar an tsaga kara don ruwansu iri ɗaya ne.

To mene ne wannan mitokondiriya da aka koma nema wa shaida a wurinta? A cikin kowace ƙwayar halitta akwai cibiya, inda aka adana mafi yawan DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado kamar rubutu mai jerin haruffa, rabi daga uwa rabi daga uba. A wajen cibiyar kuma akwai wasu 'yan ƙananan jakunkuna masu yawa da ke sarrafa abinci da iskar shaƙa su ba jiki ƙarfi. Su ne mitokondiriya, kuma suna da nasu DNA na kansu, ɗan ƙarami, a naɗe kamar zobe. A kifi tsawonsa bai fi haruffa 16,000 zuwa 17,000 ba, yana ɗauke da ƙwayoyin gado 37, da wani sashe da ke kula da kwafar zoben. In aka kwatanta da DNA na cibiya, wanda a kifaye da yawa ke kaiwa haruffa kusan biliyan ɗaya, wannan bai fi takarda ɗaya a cikin ɗakin karatu ba.

Amma takarda ce mai halaye na musamman. Daga uwa kaɗai ake gadonta. Ƙwai ne ke kawo mitokondiriyar da ɗa zai rayu da ita, 'yar kaɗan ɗin da maniyyi ya shigo da ita kuwa ana rusa ta. DNA na cibiya kan gauraya a kowace haihuwa, na uwa da na uba su yi musayar yanki, ta yadda bin sawunsa kamar bin sawun ɗigon madara ne a cikin ruwa. Na mitokondiriya ba ya wannan gaurayar. Yadda uwa ta karɓa daga tata uwar haka take miƙa wa 'ya'yanta, sai dai kuskuren kwafi da kan faru jefi-jefi, harafi ɗaya ya sauya. Waɗannan kurakuran su ne alamomin hanya. Kifi biyu da ke da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, kakarsu ta wajen uwa ɗaya ce, kuma yawan bambancin da ke tsakaninsu yana nuna daɗewar rabuwarsu. Ga shi kuma yana tara irin waɗannan kurakurai da sauri fiye da yawancin DNA na cibiya, abin da Wesley Brown da Allan Wilson da abokin aikinsu suka nuna a 1979. Da yake kwafi ɗaya ne kuma mata ne kaɗai ke wucewa da shi, garken da ya keɓe yakan koma tsatson uwa ɗaya da wuri, kusan ninki huɗu fiye da saurin na cibiya. Wannan ya sa ya dace da rabuwar da ba ta tsufa ba, irin ta rassa. Sai kuma yawansa: DNA na cibiya kwafi biyu ne a ƙwaya, na mitokondiriya ɗaruruwa ne ko dubbai, don haka ko a tsohon nama da ya lalace akan sami ragowarsa. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin kansa ba ya buƙatar a kashe kifin. A bakin rafi ake kama shi, a sa shi a bokitin ruwa mai ɗan maganin sa barci, a ɗauki hotonsa, a sa almakashi a yanki gefen fiffike wanda bai kai rabin farce ba, a jefa a 'yar kwalba mai etanol, a rubuta lamba da sunan rafin, a mayar da kifin ruwa. A ɗakin gwaje-gwaje sai a narkar da naman, a ware DNA, a ninka sashen da ake so sau miliyoyi ta hanyar da ake kira PCR, sannan na'ura ta karanto jerin haruffan nan huɗu, A da C da G da T. Kwamfuta ce ke jera na wannan kifi a ƙarƙashin na wancan, ta nuna inda suka saɓa, ta zana bishiyar dangantaka. Sassan da aka fi karantawa su ne saitokurom b, da sashen kula da kwafi wanda ya fi kowanne saurin sauyawa, da kuma COI. Wannan na ƙarshe ya yi suna ne bayan da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawara a 2003 cewa a ɗauki haruffansa kusan 650 a matsayin lambar shaidar kowace dabba, kamar zanen lambar da ake liƙa wa haja a kanti. A 2005 aka ƙaddamar da gangamin yi wa kifayen duniya irin wannan rajista.

Tun kafin wannan, a 1986, Eldredge Bermingham da John Avise sun gwada abin a kan jinsin kifi huɗu na kogunan kudu maso gabashin Amurka. Abin da suka gani ya ba da mamaki: a dukkan jinsunan huɗu tsatson uwa ya rabu gida biyu, na gabas da na yamma. Wato tarihin kogunan ne rubuce a jikin kifayen. Daga irin wannan aiki aka sami wani fanni sukutum na haɗa nasaba da taswira. Haka aka yi da turawut mai ruwan ƙasa na Turai, Salmo trutta, wanda masana suka yi ta laƙaba wa sunaye barkatai, kusan kowane tafki da nasa. Louis Bernatchez ya bi mitokondiriyarsa ya tarar manyan tsatso biyar ne: na Atilantika, na kogin Danub, na Bahar Rum, na Adiriyatik, da mai zanen marmara. Ya kuma bayyana cewa wanda ke zuwa teku ya dawo, da wanda ke zaune a tafki, da wanda bai taɓa barin rafi ba, ba tsatso uku ba ne. Salon rayuwa ne kawai, wanda kan ɓullo a tsatso ɗaya.

Mu koma Kolorado, domin labarin bai ƙare a 2007 ba. Binciken farko ya nuna an yi kuskure, amma bai nuna wane ne na gaskiyar ba. Dalili kuwa shi ne an riga an dagula ruwan. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 an kwashi miliyoyin 'ya'yan turawut daga yammacin tsaunuka an zuba a rafukan gabas, a jirgin ƙasa da bayan alfadarai, don masu kamun kifi su samu. Kifin da ka tarar a rafi yau ba lalle ne kakanninsa 'yan wurin ba ne. Ta yaya za a san wa ke ina kafin a fara wannan jigila? Sai Metcalf da abokan aikinta suka nufi gidajen adana kayan tarihi, inda akwai kifayen da masu yawon bincike suka kama tun daga tsakiyar ƙarni na 19, kowanne da takardar inda aka kama shi. An yi sa'a a cikin barasa aka adana su, domin a lokacin ba a fara amfani da fomalin ba, sinadarin da ke lalata DNA. Duk da haka abin da ya rage gutsattsari ne, kuma a nan yawan kwafin mitokondiriya ya yi rana. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna tsatso shida ne a jihar tun asali, kowanne da kwarinsa. Mai koren baya na haƙiƙa ɗan kwarin kogin South Platte ne, kuma a lokacin a duk duniya wuri ɗaya ya rage: wani ɗan rafi mai suna Bear Creek kusa da birnin Colorado Springs, a tsawon da bai wuce kilomita 6 ko 7 ba, kifi wajen 750. Abin dariyar shi ne rafin ba ya ma cikin kwarinsu na asali. Ana kyautata zaton wani mutum da ya so buɗe masauƙi a wurin ne ya zuba su a shekarun 1880. Jigilar da ta rikita nasabar ita ce kuma ta tsirar da tsatson.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka an sami alƙalin da ba ya kuskure. Ba haka ba ne. Mitokondiriya shaida ce mai gaskiya, amma dangin uwa kaɗai ta sani, kuma ko a dangin uwar, layi ɗaya tak: uwa, uwar uwa, uwar uwar uwa. Kifi kuwa, musamman na ruwan daɗi, ba su cika kiyaye iyakar jinsi ba. A cikin ruwa ake zuba ƙwai da maniyyi, wuraren barbara kan haɗu, ruwa-biyu ba abin mamaki ba ne, kuma sau da yawa suna haihuwa, ba kamar alfadari ba.

A ɗauka macen wani jinsi ta haihu da namijin wani. 'Yarsu rabi da rabi ce a cibiya, amma mitokondiriyarta ta uwa ce zalla. Ita ma ta haihu da namijin dangin ubanta, 'yarta ma haka. Rabon kakar farko a cibiya ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ɗaya cikin takwas. A haihuwa ta goma bai kai ɗaya cikin 1,000 ba. Kifin ya zama ɗan dangin uba ta kowace fuska, kama da hali da komai, amma zoben nan yana nan yadda kakar ta bar shi. Wanda ya karanta zoben kawai zai rantse kifin ɗan wancan jinsi ne. Ba lissafin takarda ba ne wannan. A 1995 Bernatchez da abokan aikinsa sun ba da rahoton wani tafki a lardin Kubek na Kanada inda kifayen Salvelinus fontinalis, waɗanda ba su da wata alamar gauraye a jiki ko a cibiya, dukkansu ke ɗauke da mitokondiriyar wani jinsi daban, Salvelinus alpinus, wanda babu shi ma a tafkin yanzu. Haɗuwa ce da ta faru tun bayan janyewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin, baƙon ya ɓace, ya bar sawunsa.

Karfasar Nilu ta fi kowa nuna yadda abin kan cakuɗe. Ethelwynn Trewavas ta gidan tarihin halittu na Landan ta raba ta rassa bakwai a 1983 bisa siffar jiki. A 1992 Seyoum da Kornfield suka duba mitokondiriya, suka ƙara reshe na takwas, na tafkin Tana a Habasha, suka kuma nemi a sauya wa wasu rassan matsayi. Binciken da ya biyo baya da alamomin cibiya bai goyi bayan duk sauye-sauyen ba. Sai a 2003 Rognon da Guyomard suka gano cewa karfasar Nilu da ke kogunan Afirka ta Yamma tana ɗauke da mitokondiriyar wata 'yar'uwarta, Oreochromis aureus, alhali a cibiya ita ɗin ce dai. A tafkin Baringo ma an tarar da mitokondiriyar Oreochromis leucostictus a jikin wasu daga cikin reshen wurin, wannan karon ba tsohon tarihi ba, sabon abu ne da ya biyo bayan shigo da baƙuwar karfasa yankin. Mai kiwon da ya aika samfuri aka karanta masa COI kawai zai iya karɓar takarda mai sunan kifin da ba shi yake kiwo ba.

Akwai kuma akasin haka, inda shaidar ke yin shiru. Tafkin Biktoriya yana da jinsunan ƙananan kifaye dangin karfasa da aka ƙiyasta sun kai 500, wasu na kankare gansakuka a dutse, wasu na fasa katantanwa, wasu na farautar 'yan'uwansu, launi da haƙora da hali duk daban. A 1990 Axel Meyer da abokan aikinsa suka karanta mitokondiriyar jinsi 14 daga cikinsu, suka tarar kusan babu bambanci, bai ma kai wanda ke tsakanin mutane ba. Tafkin ya ƙafe ne kimanin shekara 15,000 da suka wuce kafin ya sake cika, kuma wannan lokaci ya yi kaɗan kurakuran kwafi su taru. Da za a bi mitokondiriya ita kaɗai, sai a tattara su duka a kira su kifi ɗaya, abin da duk wanda ya taɓa ganinsu ya san ba daidai ba ne. Wani nazari na 2003 da ya tattara bayanan jinsunan dabbobi fiye da 2,000 ya tarar a kusan kashi 23 cikin 100 bishiyar mitokondiriya ba ta yi daidai da iyakokin jinsin da aka sani ba. Wani lokaci sunan ne ke da kuskure, wani lokaci zoben ne ya ɓatar da mai bi.

Abin da ya fi damuna a yadda ake amfani da wannan hanya shi ne son yanke hukunci da lamba. Za ka ji an ce in bambanci ya kai kashi 2 cikin 100 jinsi ne daban, in bai kai ba reshe ne ko garke kawai. Wannan lamba ma'aunin farko ce da ke nuna inda ya kamata a ƙara dubawa. Ba doka ba ce ta halitta. Saurin sauyawar ba ɗaya ba ne a kowane dangin kifi, kuma babu wani harafi a zoben da aka rubuta "reshe" a kansa. Abin da DNA ke bayarwa shi ne tarihi: su wa suka rabu da su wa, da kimanin yaushe. Ko wannan rabuwa ta isa a ba ta suna na uku, ko na biyu, ko a bar ta ba suna, mutane ne ke zama su yanke. Shi ya sa wasu masana suka gaji da kalmar reshe gaba ɗaya, suka ce ko dai abu tsatso ne mai zaman kansa a kira shi jinsi, ko kuwa a daina ba shi suna. Kifin bas mai babban baki na Amurka ya bi wannan hanya. A 1949 aka raba shi reshe biyu, na arewa da na Fulorida, daga baya shaidar gado ta sa aka ɗaga kowanne ya zama jinsi. Ƙarshenta ma aka gano cewa kifin da aka fara raɗa wa sunan Latin na salmoides daga yankin na Fuloridan yake, sai sunan ya koma kansa, na arewan da ya shekara da shekaru yana amsa shi ya koma nigricans.

Kada a ɗauka gardamar malamai ce kawai a kan Latin. Dokar kare halittu masu fuskantar ƙarewa ta Amurka, ta 1973, tana ba reshe kariya kamar yadda take ba jinsi. Suna ne ke jawo kuɗi da ma'aikata, shi ke sa a hana gina madatsa ko a taƙaita ɗiban ruwa. In aka haɗe rassa biyu da gaskiya daban suke, za a iya kwaso wannan a zuba a ruwan wancan da sunan taimako, a shafe abin da ya ɗauki dubban shekaru yana ginuwa. In kuma aka raba abin da ɗaya ne, sai a killace ɗan ƙaramin garke a hana shi sabon jini har auren dangi ya raunana shi.

Masu aikin da suka san abin da suke yi yanzu ba sa tsayawa a zoben. Da shi suke farawa, don yana da arha da sauri, kuma akwai tarin bayanan da za a kwatanta da su. Daga nan sai su nemi shaida ta biyu a cibiya, inda na'urorin yau ke karanta dubban wurare a lokaci guda, su ga ko dangin uba sun yarda da abin da dangin uwa suka faɗa. Sannan su koma kan faranti da allura. A Kolorado an yi hakan: da aka sake ƙidaya ɓawo da ɗigon fata, amma aka jera kifayen bisa sabbin tsatson maimakon tsofaffin sunaye, sai bambancin siffa ya fito, wanda a da gaurayen garke ya ɓoye shi.

Daga cikin tsatso shidan nan, binciken 2012 ya ɗauka biyu sun ƙare, mai rawayan fiffike na tafkunan Twin Lakes da na kogin San Juan. Na San Juan ɗin ba a san shi da komai ba sai jerin haruffan da aka ciro daga kifayen da aka kama a 1874 aka adana a gidan adana kayan tarihi na Smithsonian. Ma'aikata suka riƙe wannan jeri suna gwada kifayen ƙananan rafukan kudu maso yammacin jihar, kuma a 2018 aka sanar cewa an same su da rai a wasu 'yan rafuka. A shekarar ce gobarar daji ta tashi a yankin, aka shiga aka kwaso wasu kafin toka ta gangaro cikin ruwan. Mai koren baya kuwa an ɗebi iri daga Bear Creek an ƙyanƙyashe, aka mayar da shi kwarin South Platte, kuma a 2022 hukumar jihar ta tabbatar yana hayayyafa da kansa a wani rafi mai suna Herman Gulch. Mai rawayan fiffike har yau sai a kwalba.